Yadda Na Adana Naman Layya Kamar Wake

Ko ni na so in manta, mutanen Dayi, garin su mahaifiyata, ba za su taɓa bari in manta da wannan lissafin ba: rago biyu, kason watanda ɗaya na wani bijimi mai tozo, zabbi takwas figaggu, bokiti biyu na markaɗen tattasai da attarugu, sai man shanu kwano guda da aka kawo mini daga wajen Musawa. Su ne kayan da na jera a cikin firiza washegarin Babbar Sallah, na sa kwaɗo na kulle. A samansu kuma na ɗora abin da ya fi su nauyi, wato alkawarin da na yi wa mahaifiyata da bakina, a gaban shaidu.

Ni ɗan kasuwar hatsi ne a Funtuwa. Masara, dawa, wake, waken soya: in saya da kaka a ƙauyukan Malumfashi da Danja, in ajiye, in fitar idan kaya sun yi daraja. Da keke da buhu ɗaya na fara. (Ana ce mini Alhaji tun kafin in san hanyar filin jirgi. A kasuwarmu duk wanda ya mallaki sito ya zama Alhaji.) Ban yi boko mai nisa ba, amma a fagen ajiya ban yarda akwai wanda zai koya mini ba. Ina tura hannu cikin buhu zan gaya maka ko masarar ta bushe ko ruwa aka sayar maka.

Abu biyu sana'ar nan ta dasa mini a jiki. Na farko, iska ce ke ɓata ajiya. Wake in kana so ya kai shekara, ka zuba shi a durom, ka rufe ruf, ka liƙe bakin, kada ka sake buɗewa sai ranar sayarwa. Na biyu, ba a barin wuta a kunne a sito. Tun shekarar da wayar lantarki ta ƙone mini shagona na farko da buhu arba'in a ciki, duk ɗakin ajiyar da na gina sai na sa masa babban makunni a bakin ƙofa. In zan fita, hannun hagu ya kashe makunni, na dama ya danna kwaɗo. Shekara ashirin ina haka, har hannun ya daina neman izinina.

To, a waccan shekarar Allah ya ba ni iko na biya wa Inna kujerar Makka. Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta kiran sunana, kuma ba kasafai take yi mini magana kai tsaye ba. Sai ta bi ta kan matata Rabi, ko da ina zaune a gabanta. Ranar da dangi suka taru sallama, tana ɗaure kayanta ta dubi Rabi ta ce, "Bana dai ba ni da rabon farfesun layya. Kafin in dawo kun soye naman ya koma tsakuwa, ni kuwa ga bakin nan ba kowa a ciki."

Aka yi dariya. Ni kuwa, da ba a tambaye ni ba, na gyara zama na ce, "Inna, in sha Allahu za ki dawo ki tarar da naman layya ɗanye shar, kamar yanzu aka feɗe. Ke da duk wanda ya zo yi miki barka."

Ta ce wa Rabi, "Ki ce masa Allah ya sa."

Ƙanin Inna, Kawu Sale, manomi ne a Dayi, mutum mai ƙarancin magana. Shi ma yana wurin. Ɗansa Lawandi kuwa, taubashina, wanda Allah ya halitta shi don ya hana ni sakewa, ya ce, "Ɗan mace, a durom za ka zuba shi ko a buhu mai leda?"

Da na san gaibu, da na ba shi tukuici a kan wannan tambayar.

Gaskiya tun kafin maganar Inna abin yana raina. Ni mutum ne da asara ke hana ni cin abinci. Ina ganin tumatir yana ruɓewa kwando-kwando a Danja lokacin da ya yi yawa, ina ganin ragowar miya ana zubarwa a gidana, sai in ji kamar daga aljihuna ake ɗiba. Saboda haka na je na sayo firiza, babba, irin wadda ƙato zai kwanta a ciki ya miƙe ƙafa. Na san halin wutar gari, don haka na ƙara faifan sola da batura a gidan, yadda ko an ɗauke wuta kwana uku ba ruwana. Mai shagon ya yi ta yi mini bayani: a raba nama a ƙananan ledoji, kada a cusa da yawa, a riƙa dubawa. Ina gyaɗa kai, a raina ina cewa, kai da ba ka taɓa ajiye ko mudu ɗaya ba, ni za ka koya wa ajiya?

Da aka sauke ta a ƙofar gida, Rabi ta share mata wuri a kicin. Na ce a'a, a shiga da ita sito, wanda ke jikin zaurena.

"Alhaji, firiza fa kayan kicin ce."

"Kicin hannu ya yi yawa. Wannan ya buɗe ya sa ruwa, wannan ya buɗe ya sa zoɓo, kafin Inna ta dawo an gama da sanyin. Kaya mai daraja a sito yake kwana."

"To ka ba ni makulli ɗaya."

"Makulli biyu ai ba kulli ba ne, Hajiya."

Ta dube ni irin kallon da take yi mini in ta ga na sayi takalmin da ya matse ni ina cewa zai buɗe. Ta ce, "Shi ke nan. Kai ne masanin ajiya."

Sallah ta zo, aka yi yanka. Washegari, ranar da ake yanyanka nama a raba a soya, na tsaya da kaina a kan tabarmar. A nan ne zan faɗi abin da ya fi ba ni kunya, fiye ma da abin da ya biyo baya. A da, rabonmu yana da faɗi, ba don mun fi kowa kirki ba, sai don nama ba ya jira. Abin da kasko bai ɗauka ba dole ya fita waje. Bana kuwa ga firiza, ba abin da ke kora ni. Sai hannuna ya ƙanƙance. Na raba, ba zan ce ban raba ba, amma irin rabon da ake ɗaga tsoka a duba ta sau biyu kafin a sa a kwano.

Rabi ta ce, "Wannan ne za a kai gidan liman? Ko kyanwarsu za ta raina mu."

"Kowa ya samu daidai. Kuma bana ba suya. Ga ɓarnar mai, ga ɓarnar itace, nama ya ƙanƙance ya koma rabi. An wuce wannan zamanin."

"Wanda maƙwabta ke aikowa fa?"

Na leƙa kwanonin da ke shigowa, tsoka uku daga nan, haƙarƙari daga can. Na ce, "Wannan tarkacen naku ne, ku yi yadda kuka ga dama da shi."

Na kwashi nawa na yi sito. Na jera shi kamar yadda nake jera buhuna, ba ƙofar da ɓera zai bi: naman sa a ƙasa, raguna a kai, kawuna da ƙafafu a gefe don farfesun Inna, zabbi a sama, bokitai a lungu. Na zauna wajen awa guda ina jin injin yana gurnani, na sa hannu na ji sanyi yana tasowa. Na rufe. Na sa kwaɗo. Sai ilimin wake ya motsa: na ɗauko salatif mai faɗi na zagaye bakin murfin sau uku, na lulluɓe ta da tamfol, na ɗaure da igiya. Na ja da baya na dube ta, na ji daɗin kaina. Na fito na rufe sito yadda na saba rufewa.

Kwana ashirin da uku Inna ta ƙara kafin jirginsu ya taso. Kuma kada ka ce sakaci na yi, kullum sai na duba. Lokacin shuka ne, manoma na zuwa neman iri, don haka kowace safiya nakan buɗe sito, in kunna wuta, in ji firiza ta amsa da gurnaninta, in ɗora tafi a kan tamfol in ji tana rawa a hankali. In auna wa mutane abin da suka zo nema, in rufe, in tafi kasuwa. Ban taɓa zuwa na tarar da ita shiru ba. Ko sau ɗaya.

A majalisarmu ta bayan la'asar kuwa na zama malami. Duk wanda ya ce haƙorinsa ya gaji da soyayyen nama sai in yi masa wa'azi. "Ku kuna cin naman Sallah cikin mako ɗaya kamar ana korarku. Ni nawa yana can yana barci." Har mutum biyu suka ce in raka su shagon da na sayo tawa.

Wajen kwana na goma na fara jin wani ɗan bugu-bugu a sito. Na ce ɓera ne ya mutu a bayan buhuna, na ƙara magani. Rabi ta tare ni a zaure ta ce, "Alhaji, ƙudajen da ke bakin sitonka ba irin na hatsi ba ne. Korayen nan ne masu ƙyalli."

"Damina ce."

"Ka dai buɗe ka duba. Ba a ajiye nama a juya masa baya."

"Buɗewar ita ce ɓarnar. Ki bar ni da abin da na sani."

Ta juya ta koma ciki. (Na lura tun daga ranar ta riƙa aika a sayo mata busasshen tumatir da tattasai, ban tambayi dalili ba. Mai ilimi ba ya tambaya.)

Inna ta sauka lafiya ranar Alhamis, ta yi haske, ga sabon haƙorin Makka guda ɗaya yana walƙiya shi kaɗai a bakin. Aka sa Asabar dangi su zo barka. Ranar Juma'a Rabi ta ce in fito da naman ya saki, don ƙanƙara ba ta narkewa da gaggawa. Na ƙi. Dalilin da na ba ta shi ne zafi zai taɓa shi. Dalilin gaskiya kuwa, so nake Lawandi ya gani da idonsa.

Asabar da hantsi bas ta tsaya a ƙofar gida, cike da mutanen Dayi. Mata suka shige ciki da guɗa. Kawu Sale ya sauko riƙe da zabbi biyu masu rai, an ɗaure musu ƙafa, tsarabar 'yar'uwarsa. Na karɓa ina murmushi, na ce, "Kawu, da ba ka wahalar da kanka ba, akwai takwas a ciki suna jira."

Lawandi ya ce, "Bawana, ina gawar da ka ce ka ajiye mana?"

"Biyo ni, ɗan ƙauye. Yau za ka ga ƙanƙara ba a ƙoƙon mai zoɓo ba."

Na ja su su wajen goma sha biyu, har da liman da maƙwabta biyu da suka shigo gaisuwa. Na tsaya a bakin sito na ɗan yi jawabi a kan almubazzaranci da yadda mutanenmu ba su iya tattali ba. Na buɗe kwaɗo, na tura ƙofa. Ciki duhu, shiru. Hannun hagu ya miƙa ya danna makunni. Fitila ta kama, firiza ta ɗauki gurnani.

Na nufi igiyar tamfol ina kwancewa, sai na ji muryar Lawandi a bayana, a hankali, ba ma da sigar tsokana ba.

"Ɗan mace, tsaya. Me ya sa sai da ka kunna fitila abin nan ya fara kuka?"

Na ce, "Ai haka take..."

Ban ƙarasa ba. Na juya na dubi makunnin. Na dubi wayar firiza, na bi ta da ido har bango. Na dubi hannuna na hagu. Kwana ashirin da biyar! Kullum in zo in tashe ta na rabin awa, in shafa mata kai, in kashe ta in tafi. Ba wutar gari, ba batir, ba mai shago. Ni ne.

Mutum mai hankali a nan zai ce, jama'a mu koma zaure a sha ruwa. Ni kuwa sai wani banzan fata ya kama ni: ai na liƙe ta, iska ba ta shiga ba, wataƙila abin ya yi kamar wake. Na sa farce na ɓanɓare salatif, na cire kwaɗo, na ɗaga murfi.

Ba zan kwatanta maka abin da na gani ba, don wataƙila kana cin abinci. Zan dai ce zabbin nan takwas suna iyo. Warin kuwa ba fitowa ya yi ba, tasowa ya yi kamar mutum ya mare mu ɗaya bayan ɗaya. Liman ya ce "Subhanallahi!" ya rufe fuska da hannun riga, ya fita da baya. Wani dattijo ya bar takalminsa ƙafa ɗaya. Lawandi ya durƙusa a tsakar zaure, dariya na fitowa, tari na fitowa, hawaye na zuba, yana nuna ni yana cewa, "Ya sa salatif! Jama'a ku shaida, har salatif ya sa kada ya gudu!"

Kawu Sale kaɗai bai ruga ba. Ya tako ya leƙa, ya daɗe yana kallo kamar mai duba gonar da ƙanƙara ta kwantar. Sannan ya ce, "To. Ya dai ajiyu. Ba wanda ya taɓa maka." Ya juya ya dubi zabbinsa biyu da ke kwance a inuwa suna ƙifta ido. "Tamu firizar ta ƙauye da ƙafarta take yawo, ita ke ciyar da kanta. A sa musu wuƙa, 'yar'uwata ta sha romo."

Kafin in rufe murfin, warin ya riga ni shiga cikin gida. Guɗa ta tsaya. Na shiga ina jan ƙafa, ga mata cike da tsakar gida kowa ta toshe hanci da mayafi, ga baƙi sun fi arba'in, azahar na matsowa, ba ko tsoka ɗaya da zan nuna. Na sami Rabi a bakin kicin.

Ta ce, "Makunni?"

Na ce, "Makunni."

"Na yi zargin haka. Batir ɗinmu bai taɓa raguwa ba tun da aka kawo ta." Ta matsa gefe ta nuna mini. Tukwane biyu manya a kan murhu suna tafasa, ga shinkafa an tsame. Tarkacen nan da na raina, naman da maƙwabta suka aiko, ta soya shi tun ranar, ta zuba a tukunya ta rufe shi da kitsensa yadda uwarta ke yi. Tun asuba ta jiƙa kauɗar tumatir, ta saka naman a miya yana ta dahuwa har ya yi laushi, ragowar ta daka ta yi dambu.

Na ce, "Hajiya, me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Na gaya maka sau uku. Ka ce damina ce."

Aka ci, aka ƙoshi, ko da yake a ƙofar gidan maƙwabci aka shimfiɗa wa maza tabarma, don zaurena ba ya zaunuwa. Inna ta sha farfesun zabbin Kawu. Da la'asar na shiga ɗakinta na durƙusa, ina jiran faɗa. Tana zaune tana jan carbi. Sai ta dubi Rabi, haƙorin Makka ya leƙo.

"Ki tambaye shi, cikin ragunan nan biyu, nawa aka ci?"

Na ce, "Sai ɗan abin da aka raba, Inna."

"To ki ce masa wannan ɗin shi ya ajiye. Kuma romon ya yi daɗi, ya daina sunkuyar da kai kamar an kama shi da akuya."

Ni da 'yan dako biyu muka fitar da firizar a baro zuwa bayan gari, muka haƙa rami. Sai da na ninka musu ladan aiki, kuma har yau ɗayansu in ya gan ni sai ya taɓa hanci. Mako biyu ana wanke ta da toka da lemun tsami, ana kwana da gawayi a ciki. Mutum biyun da suka ce in raka su shago ba su sake tayar da maganar ba. A Dayi kuwa, in bas ta sauke ni, tun daga bakin titi masu shayi ke ɗaga murya: "Alhaji, a kunna ko a kashe?" Aikin Lawandi ne.

Firizar tana nan, tana aiki, kuma ba laifinta ko ɗaya. Yanzu a kicin take, makulli na hannun Rabi. Tana raba nama ƙulli-ƙulli daidai girki ɗaya, ta rubuta ranar a jiki, tsohon ya fito kafin sabo ya shiga. In tumatir ya yi arha a Danja ta markaɗa ta tafasa ta jera, mu ci har damina. Ragowar miya ta daina zuwa kwata. Ashe abin yana rage asara ƙwarai, in dai an riƙa buɗe shi, kuma aka nisanta shi da masana.

Ga yadda lissafin ya tsaya. Na rasa rago biyu ban da ɗan abin da ya fita, kason watanda, zabbi takwas, markaɗe bokiti biyu, man shanu kwano guda, tamfol ɗaya, da kujerar malanta a majalisa. Na samu mata da ba a yi wa musu a kan kicin, da rabon layya da ya koma faɗinsa na da, har ya ɗara. Sai kuma salatif: ragowar nadin da na saya, Rabi ta liƙe makunnin kicin da shi, sau uku, daidai tsayin hannuna na hagu.